Dutsen da Aka Raba da Shaidunsa

Idan ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi laushi, garma ta fara shiga, manomi kan ci karo da wani ɗan dutse baƙi ko mai duhun kore, sumul, da kaifi a baki ɗaya, gindinsa a tsuke, bai wuce tafin hannu ba. A ƙasar Hausa sunansa gatarin aradu. Tsofaffi suka ce tsawa ce ke jefo shi ya nutse a ƙasa, sai bayan shekaru ya taso. Wani ya adana shi a ɗaki don tsari, wani ya kai wa mai magani. Yarabawa sun jingina irinsa ga Sango, Turawa ma sun daɗe suna cewa daga sama yake faɗowa, kafin masanansu su yarda cewa hannun mutum ne ya yi shi. Wani ne ya zauna a gefen fa yana goga dutse a kan dutse da ruwa da yashi har ya yi baki, ya ɗaura masa ƙota, ya sare itace da shi tun ƙarfe bai zo ba.

Ban ga wauta a wannan suna ba. Mutane sun tsinci abin da ya fi ƙarfin saninsu, kyansa ya wuce na tsakuwa, babu kuma maƙerin da ya ce shi ya yi, sai suka nema masa asali mai girma daidai da kwarjininsa. Sunan ya ceci dutsen daga zubarwa. Amma shi ne kuma ya binne mai gogawar, domin da zarar an ce aradu ce ta kawo, babu sauran mai tambayar wane ne ya zauna a wannan fako kafin kakanninmu, me ya ci, da wane harshe ya kira ɗansa.

Sinawa suna da nasu dutsen da ya sha irin wannan, nasu ma ya fi daɗewa yana shan sunaye. Wani faifai ne na dutse mai daraja da suke kira yu, a zagaye yake, a shimfiɗe, da huda a tsakiya. Sunansa bi. Mafi shahara su ne na mutanen Liangzhu, waɗanda suka zauna a fadamun kudancin kogin Yangtze, kusa da birnin Hangzhou na yau, daga wajen shekara ta 3300 zuwa 2300 kafin haihuwar Annabi Isa. Manoman shinkafa ne, ba su da ƙarfe, ba su bar mana rubutun da za a karanta ba. Dutsen kuwa tauri gare shi, wuƙa ba ta yanka shi, sai dai a cinye shi a hankali da yashi da ruwa. Hudar tsakiya daga fuska biyu ake yin ta, shi ya sa a yawancinsu ake ganin ɗan tudu a ciki inda ramukan biyu suka haɗu ba daidai ba. Aikin da ke cin ƙarfin mutum na dogon lokaci, ga shi ba ya yanka, ba ya niƙa, ba a cin abinci a kai. Akwai ɗan'uwansa da ake kira cong, shi kuma dogo ne, kusurwa huɗu a waje, zagayayyen rami a ciki.

Me suke nufi? Amsar da kowa ya haddace ta fito daga wani littafi na tsarin sarauta da ibadun daular Zhou, wanda ya ce da bi ake girmama sama, da cong kuma ƙasa. Magana ce mai daɗin ji, zagayayye na sama, mai kusurwa na ƙasa, kuma ita ake rubutawa a jikin gilashin gidajen tarihi har yau. Sai dai an tsara littafin nan wajen shekara 2000 bayan mutanen Liangzhu sun ɓace. Marubutansa ba su taɓa jin sunansu ba. Sun gaji siffar, sun ba ta ma'anar da ta dace da fadarsu, kamar yadda muka gaji ɗan gatari muka ba shi aradu.

A zamanin Zhou ɗin bi ya zama kayan sarauta, ana aika shi tsakanin sarakuna, ana karɓar baƙo da shi. Akwai labarin da ɗan makaranta a Sin ya sani, na wani talaka Bian He a ƙasar Chu, da ya tsinci dutse a kan tsauni ya kai wa sarki, ya ce akwai yu a cikinsa. Masanin fada ya duba ya ce dutse ne kawai. Aka sare masa ƙafa ɗaya don ya yi wa sarki ƙarya. Sarki ya mutu, Bian He ya sake kai wa magajinsa, aka sare ɗayar. Sai sarki na uku ne ya sa aka fasa, aka sami abin da ya faɗa, aka yi bi da shi. Daga baya sarkin Qin ya yi tayin birane 15 a kan wannan faifai. Ko labarin ya faru yadda aka faɗa ko an ƙara masa gishiri, abin da ya tsaya mini a rai shi ne rabon da aka yi: wanda ya tsinto ya rasa ƙafafu, farashin kuma a bakin sarakuna aka yanke shi.

Babban mai tara waɗannan duwatsu shi ne sarki Qianlong na daular Qing, wanda ya hau mulki a 1735 ya shekara 60 a kai. Yana son tsoffin yu so na gaske. Yakan juya su a hannu, ya yi nazari, ya tsara waƙa, sannan ya sa masu sassaƙan fada su zana waƙar da hatiminsa a jikin dutsen. Da yawa daga cikinsu suna gidan tarihin fada da ke Taipei. Duk da iliminsa, ya ɗauka abubuwan na zamanin Zhou ne ko Han, ya rage musu shekaru dubbai bai sani ba. Cong kuwa ya zaci ƙarshen sandar ɗaukar karaga ne, har aka sa wa wasu ƙoƙon ƙarfe a ciki suka zama abin ɗora furanni. Mutumin da ya fi kowa ƙaunarsu shi ne ya rubuta a fuskarsu, ya sa bakinsa a inda nasu ya yi shiru. Sai a 1889 wani malami, Wu Dacheng, ya wallafa littafi yana gwada tsoffin yu da abin da littattafan da suka bayyana, ya mayar wa cong da sunansa na littafi. Shi ma daga littafi ya tashi ya koma littafi.

Da daular Qing ta faɗi a 1912, manyan gidaje suka shiga sayar da kayan gado, dillalan Shanghai suka buɗe hanya zuwa ƙetare. Wani attajirin Amurka daga Detroit, Charles Lang Freer, mai ƙera taragun jirgin ƙasa, ya sayi bi da cong masu yawa a shekarun 1910, suna gidan tarihin da ke ɗauke da sunansa a Washinton, wanda aka buɗe a 1923. A jikin wasu fayafayansa akwai zanen ɗan tsuntsu a tsaye kan dandamali mai matakala, siriri ƙwarai, sai an karkata dutsen ga haske ake ganinsa. Freer ya rasu a 1919 bai san na su wane ne ba. Manoman yankin Liangzhu sun daɗe suna tono su a gonaki suna sayarwa, dillali ya sa musu sunan daular da ta fi tsada.

Abin da ya warware ƙullin ƙasa ce. A 1936 wani saurayi ɗan garin Liangzhu, Shi Xingeng, ƙaramin ma'aikaci a gidan tarihin Hangzhou, ya lura cewa tsoffin kasake da kayan dutse da yake gani a wurin aiki irin na gonakin garinsu ne. Ya koma gida ya tona, ya auna, ya rubuta. A 1973, a wani wuri da ake kira Caoxieshan, aka sami bi da cong kwance a kabari ɗaya da tukwanen mutanen Liangzhu, ba a taɓa su ba. Daga nan shekarunsu na gaskiya suka fito. A 1982, a Sidun, aka buɗe kabarin wani saurayi ɗan kimanin shekara 20, da bi 24 da cong 33 kewaye da shi, wasu da alamar wuta a jikinsu. A irin waɗannan kaburbura an lura cewa mafi kyawun fayafai a kan jikin mamaci ake ɗora su, marasa kyan gogewa kuma a jibge wajen ƙafa. Kabarin bai ce sama ba, bai ce ƙasa ba. Ya ce akwai manya da talakawa, akwai masu sana'a da aka ɗauke wa noma don su goga dutse, akwai abin da ake tsoro ko ake fata bayan mutuwa. Wannan kaɗan ne, amma tabbatacce ne, kuma a kansa aka ci gaba har aka gano birni da ganuwa da madatsun ruwa, UNESCO ta sa wurin cikin gadon duniya a 2019.

Mu ma ƙasarmu ta yi irin wannan ajiya. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono kan mutum-mutumi na yumɓu a ƙauyen Nok da ke kudancin Kaduna. A farkon shekarun 1940 wani kai da aka samo a yankin Jama'a ya yi zama a gonar doya yana korar tsuntsaye, kafin ya isa hannun Bernard Fagg, wanda ya gane dangantakarsa da na farkon, ya kuma kafa gidan tarihin Jos a 1952. Binciken jami'ar Frankfurt da aka fara a 2005 ya nuna mutanen Nok sun soma zama tun wajen 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma sau da yawa a farfashe aka binne mutum-mutumin, da gangan. Wannan bayani na ƙarshe babu dillalin da zai taɓa ba ka shi, shi da ke manna gutsattsari don abu ya fito cikakke.

Zamfara kuwa rabonta ya fi ɗaci. A tsakiyar shekarun 1990 aka yi ta haƙa a kewayen dutsen Kwatarkwashi, gabas da Gusau, ana fitar da mutum-mutumin yumɓu, ana bi da su ta Kwatano da Lome zuwa Brussels da Paris. Wani masani Bature, Patrick Darling, ya yi kuka a kan ɓarnar a rubuce. A kasuwar Turai aka raba kayan arewa maso yamma gida biyu. Masu kaurin gira da ta rufe ido, fuska a murtuke, aka ce musu "Sokoto". Waɗanda ke zaune kan kifaffiyar tukunya aka ce musu "Katsina". Gwajin da ke nuna lokacin da aka gasa yumɓu ya ba su shekaru wajen 2000. Sakkwato kuwa Muhammadu Bello ne ya kafa ta a 1809. Ka ga an ɗauki sunan birnin Shehu, birnin da aka gina don kawar da bautar wanin Allah, an liƙa wa aikin mutanen da suka riga shi da wajen ƙarni goma sha takwas, don kawai mai saye yana buƙatar abin da zai rubuta a takardar ciniki. Ba mu san daga wane rami kowanne ya fito ba, balle abin da ke kwance kusa da shi.

A shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta fitar da jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari, ta sa na Nok da na yankunan Katsina da Sakkwato a ciki. A watan Afrilun wannan shekarar shugaba Jacques Chirac ya buɗe sabon sashe a gidan tarihin Louvre, a ciki har da mutum-mutumi biyu na Nok da ɗaya na "Sokoto" da Faransa ta saya daga wani dillali a Beljiyam, alhali dokar Najeriya ta 1979 ta hana fitar da irinsu ba izini. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, har a 2002 aka daidaita cewa na Najeriya ne, amma za su zauna a Paris aro na shekara 25 da damar sabuntawa. Ko da za a maido su gobe, abin da aka rasa ba ya cikin akwati. An rasa shi ranar da aka zare su daga ƙasa.

A wurinmu kalma ɗaya ta isa ta rufe maganar: gunki. Da an ce gunki ne, mai unguwa ya kau da kai, malami ya ce a fasa ko a rabu da shi, mai tsintuwa ya ga sayar da shi ga baƙo tamkar kawar da ƙazanta ne da riba a kai. Ina girmama kishin tauhidin da ke bayan wannan. Amma gunki shi ne abin da aka bauta wa, kuma cewa an bauta wa wannan ƙira da'awa ce. A gaban alƙali, mai da'awa shi ke kawo shaida. Shaidun abin da aka binne su ne maƙwabtansa: tokar da ke ƙarƙashinsa, gawayin da za a auna shekarunsa, tukunyar da ke gefensa, tsabar hatsin da ta ƙone, duwatsun wuya, zurfin da yake, inda fuskarsa ke kallo. Mai haƙa da dare yakan watsar da su duka cikin sa'a guda ya ɗauki abu ɗaya. Daga nan sai kowa ya yanke hukunci ba shaida. Mu ce gunki, Bature ya ce fasaha, dillali ya ce kaya. Ta yiwu siffar sarki ce, ko ta kaka, ko alamar kabari, ko ma abin bautar ne da gaske. Addinin da ya hana mu sujada ga dutse shi ne ya umurce mu da yin tafiya a bayan ƙasa mu lura da yadda ƙarshen mutanen da ya kasance. Yaya za mu lura da abin da muka bari aka kwashe?

Akwai kuma abin da ya fi wannan damuna. Babu Bahaushen da zai yarda a tona makabartar garinsu, ko nawa za a ba shi. Amma wurin da muka kira kufai, ko muka ce na arna ne, hurumi ya faɗi. Su ma uwaye ne suka haife su, wani ya yi kuka ranar da aka rufe su. Masanin tarihi shi ma kabari yake buɗewa, ban ɓoye wannan ba, kuma ya kamata a riƙa tambayarsa izinin wa ya nema. Bambancinsa da ɓarawo shi ne yana tafe da littafi da ma'auni, kuma abin da ya gani na kowa ne.

Wanda ya san yammacin Zamfara ba zai yi saurin zagin mai haƙa ba. Tungar Daji, a ƙasar Anka, tana cikin ƙauyukan da duniya ta ji sunansu a 2010, tare da Dareta da Abare da Sunke da Duza da Bagega, da Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. Zinare ya yi tsada a kasuwar duniya, noma ba ya kai mutum ƙarshen shekara, sai maza suka shiga rami. Aka riƙa kawo dutsen gida a buhu, a farfasa, a niƙa a injin niƙan hatsi, mata su daka a turmi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Kowa zinare yake kiran dutsen nan, don shi mai saye ke aunawa da giram. Dalmar da ke cikinsa, wadda ta ninka zinaren nesa ba kusa ba, babu wanda ya ambace ta, don babu mai sayenta. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura da yara masu jijjiga. An ƙiyasta yara wajen 400 suka rasu, dubbai suka sha magani. Allah Ya sa masu ceto ne. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka kai ta rami aka binne, aka zubo sabuwa, a ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011, Bagega kuma sai 2013.

Mutumin da ya shiga rami da igiya a ƙugu don ciyar da iyali, idan cebur ɗinsa ya bugi tukunya ko kan yumɓu, me za ka ce masa? Doka ta ce ya kai rahoto ga hukumar gidajen tarihi, wadda bai taɓa ganin ma'aikacinta ba. Dillali kuwa yana bakin rami da kuɗi a hannu. Hanya ɗaya zinare da yumɓu ke bi, su fita da arha, su yi tsada a inda mai haƙa ba zai taɓa zuwa ba, a bar masa rami. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019 saboda 'yan bindiga, ta ɗage hanin a ƙarshen 2024, kuma a duk tsawon lokacin babu masanin da zai iya kafa tanti a dajin Anka ko Gummi ya yi wata guda yana tankaɗe ƙasa.

Inda aka yi aikin bisa ƙa'ida, ƙasarmu ta yi magana. Kafin a kammala madatsar Kainji a 1968 an yi tonon ceto a yankin Yelwa, aka sami ƙananan siffofin yumɓu a mazauninsu tare da kayan masu su. A Durɓi ta Kusheyi, gabas da Katsina, mutanen wurin ba su taɓa mantawa cewa tuddan nan kaburburan sarakuna ne ba, sunan garin ma ya riƙe hakan. Wani Bature, Palmer, ya tona a 1907. A farkon shekarun 1990 aka sake buɗe wasu a tsanake, aka kai kayan Mainz a Jamus aka gyara. Aka sami zinare, da wuri, da duwatsun wuya, da awarwaron hauren giwa, da kwanon ƙarfe da ya fito daga ƙasashen Musulmi na gabas. Da ɗaiɗai aka sayar da su, da yanzu kwanon yana wani gida a Turai da sunan kayan Masar, babu mai sanin ya taɓa ƙetare Sahara. Saboda an same su tare ne muka san cewa tun wajen ƙarni na 14 masu mulki a ƙasar Katsina suna cikin cinikin da ya haɗa su da duniya.

Ƙasar Zamfara ta ga Dutsi, ta ga Birnin Zamfara kafin Gobirawa su ci shi a ƙarni na 18, ta ga sarauta ta dawo Anka, kuma a ƙarƙashin duk waɗannan akwai mutanen da ko sunansu babu a bakin maroƙa. Wanda ya buɗe wa Liangzhu hanya ɗan garin ne, mai ƙaramin albashi, da ya san gonakin da idonsa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen nazarin kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa, Gusau ma tana da jami'ar tarayya tun 2013. Yaron da ya tashi a Tungar Daji ya riga ya san launin kowace ƙasa da zurfinta, ya san wanda ke haƙa a ina, masu rami ba za su ɓoye masa abin da za su ɓoye wa baƙo ba. Kafin a samu irinsa ya yi wannan karatu, akwai waya a aljihun kusan kowane mai haƙa. Hoto uku kafin a ɗaga abu, da sunan wurin, da zurfinsa, a ajiye su wurin mai gari ko a fadar hakimi, ba za su hana shi sayarwa ba idan yunwa ta matsa, amma za su bar wa wanda zai zo nan gaba inda zai fara tambaya.